Asusun Tsiraru da Dandamalin Ƙasa: Nazari a kan Wasan Kwaikwayon Birtaniya

Gabatarwa

A cikin shekarar 1964, shekara guda bayan kafa Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a birnin Landan, shugaban gidan, Laurence Olivier, ya fito a matsayin Othello cikin wasan Shakespeare. Ya shafe fuskarsa da jikinsa da baƙin launi, ya ƙara wa muryarsa kauri, ya sake salon tafiyarsa, duk don ya yi kama da baƙar fata, kuma mafi yawan masu sharhi a jaridun Ingila suka yaba masa. A cikin shekarar 2009 kuwa, a babban zauren sabon ginin gidan, wato zauren da aka raɗa wa sunan Olivier ɗin, aka nuna wasan Wole Soyinka mai suna Death and the King's Horseman. A wannan karo 'yan wasa baƙar fata ne suka shafa farin launi, suka fito a matsayin Baturen Di'o da matarsa.

Wanda ya jera waɗannan al'amura biyu zai iya zaton labarin miƙaƙƙe ne, wato an rufe ƙofa da farko, sa'an nan aka buɗe ta sannu a hankali. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa hanyar ta yi kwana da yawa, kuma babban abin da ya riƙa karkata ta shi ne yadda hukuma ta tsara rabon kuɗi. Tun daga shekarar 1976 hukuma ta soma tallafa wa wasannin 'yan asalin Afirka da Karebiyan da Asiya, amma daga wani asusu dabam da wanda ake ciyar da abin da ake kira fasahar ƙasa. Wannan asusu shi ya raya ƙungiyoyinsu, shi ne kuma ya tsayar da su a zaure shekara da shekaru, ba su shiga cikin gida ba.

Hukumar Fasaha da ma'aunin inganci

A Birtaniya gwamnati ba ta miƙa wa gidajen wasa kuɗi hannu da hannu. Akwai hukuma a tsakani, wato Hukumar Fasaha, wadda aka kafa a 1946 bisa tsarin da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya shimfiɗa. Ƙa'idar ita ce gwamnati ta ware kuɗi ta ja da baya, masana su raba, domin kada ɗan siyasa ya sa baki cikin abin da za a nuna a dandamali. Ƙa'ida ce mai kyau. Sai dai masanan suna auna kowane aiki ne da ma'aunin da suka kira inganci, ingancin kuwa shi ne abin da suka taso suka tarar, wato Shakespeare da wasan waƙe na opera da rawar bale. Saboda haka kaso mafi tsoka ya riƙa tafiya ga 'yan manyan cibiyoyi ƙalilan a Landan da Stratford.

A daidai wannan zamani ne fuskar ƙasar ta soma sakewa. Jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke mutanen Karebiyan a Tilbury a 1948, daga baya mutanen Indiya da Pakistan da Afirka suka biyo. Ba a rasa marubuta cikinsu ba. Gidan wasa na Royal Court ya nuna Moon on a Rainbow Shawl na Errol John, ɗan Tirinidad, a 1958. Soyinka ya yi aikin karanta rubutattun wasanni a wannan gida a ƙarshen shekarun 1950, aka kuma nuna wasansa The Lion and the Jewel a can a 1966, da Play Mas na Mustapha Matura a 1974. To amma kallon baƙi aka yi musu, baƙi daga ƙasashen renon Ingila waɗanda suka kawo tsaraba, za a karɓa a yi godiya. Matsalar ta fito fili ne sa'ad da 'ya'yan da aka haifa a Brixton da Southall da Handsworth suka girma, domin su ba su da wata ƙasa da za a ce daga can suka kawo tsarabar.

Rahoton 1976 da abin da ya haifa

A shekarar 1976 aka buga rahoton da 'yar jarida Naseem Khan ta rubuta, The Arts Britain Ignores, wato fasahar da Birtaniya ta kau da kai daga gare ta. Hukumar Fasaha da Gidauniyar Gulbenkian da Hukumar Kyautata Zaman Jama'a ne suka ɗauki nauyin binciken. Rahoton ya bi unguwa-unguwa ya nuna cewa akwai kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a majami'u da ɗakunan taro da makarantu, na Indiyawa da mutanen Karebiyan da na Sin da na Kubrus da na Gabashin Turai, waɗanda masu su ke biyan haraji kamar kowa amma ba sa ganin ko kwabo daga asusun fasaha. Babu shakka aiki ne na adalci, kuma daga shi ne aka kafa wata cibiya ta ba da shawara kan fasahar tsiraru a wannan shekara.

Abin lura shi ne sunan da aka ba abin, wato “fasahar ƙabilu tsiraru”. Wannan suna ya tara mai kiɗan biki da malamin rawar gargajiya da marubucin wasan kwaikwayo na zamani a kwando guda, ba don aikinsu ya yi kama ba, sai don dukkansu ba Turawan Ingila ba ne. Ya kuma ɗora musu wani nauyi da ba a ɗora wa sauran masu fasaha ba. Idan Baturen Ingila ya rubuta wasa, tambayar da ake yi ita ce ko wasan ya yi kyau. Idan ɗan Jamaika ko ɗan Fanjab ya rubuta, sai a ƙara da tambayar ko ya wakilci jama'arsa, ko ya taimaka wajen zaman lafiya a unguwa. Tun a wancan lokaci wasu suka hango wannan, irin su mai zane Rasheed Araeen, da Kwesi Owusu a littafinsa na 1986, The Struggle for Black Arts in Britain. Hujjarsu ita ce kalmar ƙabila ta mai da batun wariyar launin fata ya koma batun bambancin al'ada, ta kuma mai da mai fasaha ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Mai karatu da ya san tarihin Arewacin Nijeriya ba zai rasa ganin wata kamanceceniya a nan ba. Tsarin Lugga na mulki ta hannun sarakuna ya ginu ne a kan zaton cewa kowace al'umma dunƙulalliya ce, tana da al'ada tsayayya, tana kuma da shugaba wanda in an yi magana da shi an gama. Ba a cewa masu tsara manufar fasaha a Landan sun zauna sun kwaikwayi En'e da gangan, amma dabarar hukuma iri ɗaya ce, kuma za a ga inda ta kai su a Birmingham.

Tarzomar da ta ɓarke a Brixton da Toxteth a 1981 ta ƙara wa wannan manufa ƙarfi. Majalisar Babban Birnin Landan, ƙarƙashin Ken Livingstone, ta kafa ƙaramin kwamiti na fasahar ƙabilu, ta zuba kuɗi fiye da yadda aka taɓa gani. Gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar a 1986. A wannan shekara Hukumar Fasaha ta yi alkawarin ware kashi 4 cikin 100 na kuɗinta ga fasahar tsiraru, gwargwadon yawansu a ƙasar a lokacin. Alkawari ne da ya nuna kyakkyawar niyya, amma ya ƙara tabbatar da cewa kashi 96 ɗin da suka rage ba su da wani hakki a wuyansu.

Labarin ƙungiyar Temba ya isa misali. Alton Kumalo, ɗan wasa daga Kudancin Afirka, da Oscar James suka kafa ta a 1972. Da Alby James ya karɓi jagorancinta a shekarun 1980, sai ya karkata ga manyan wasannin Turai, har ya nuna Romeo and Juliet da ya mayar da labarin ƙasar Kuba. A farkon shekarun 1990 Hukumar Fasaha ta janye tallafinta, ƙungiyar ta mutu. Ko mene ne dalilan da aka bayar a takarda, darasin da sauran ƙungiyoyi suka ɗauka a fili yake. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ci daga asusun tsiraru ana sa ran ya tsaya cikin da'irar da aka zana masa.

Amsar da dandamali ya bayar

Amsa mafi ƙarfi ga wannan tsari ta fito ne daga wasannin da kansu. Jatinder Verma, wanda aka haifa a Darussalam ta Tanzaniya, ya tashi a Nairobi, ya zo Ingila a 1968, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Tara a 1977, bayan kisan da wasu matasa fararen fata suka yi wa wani saurayi ɗan Sikh, Gurdip Singh Chaggar, a Southall a 1976. Da wasan Tagore suka fara. A shekarun farko sun yi wasanni a kan rayuwar Indiyawa a Ingila, irin abin da asusun ke so. Daga baya Verma ya juya ga tsofaffin wasannin Indiya da na Turai, ya ƙirƙiro wani salon magana da ya kira Binglish, wato Ingilishi da aka gauraya da harsunan Indiya da karin sautinsu.

A 1990 ya shirya Tartuffe na Molière a Gidan Wasa na Ƙasa. Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan wasa, domin a cikinsa ne hujjar ta fi fitowa. Molière ya rubuta wasan a 1664, a kan wani mayaudari da ya fake da ibada ya mallake wani attajiri da gidansa. Verma ya ɗauke labarin ya kai shi Indiya ta zamanin Sarki Aurangzeb, wanda ya yi zamani da Sarki Louis na 14 na Faransa, ya mai da mayaudarin faƙirin ƙarya. Abin da wannan zubi ya yi shi ne ya juya alƙiblar kallo. A al'adar gidajen wasan Ingila Turai ce ke zaune tana kallon Gabas tana mamaki. A nan 'yan wasan Indiya ne suka ɗauki wani abu na Turai suna jujjuya shi, suna gwada shi da ma'auninsu. Ɗan kallo Bature da ya ji an saki wata magana da harshen da bai sani ba, ya ga na kusa da shi na dariya, ya ɗanɗana na ɗan lokaci abin da baƙo ke ɗanɗana kullum. Wasan bai roƙi kowa ya fahimci Indiyawa ba. Ya ɗauki Molière a matsayin gadon da ɗan Southall ke da hakki a kansa daidai da ɗan Oxford. Sai dai a faɗi gaskiya, salon yana da nasa haɗari, domin ɗan kallo na iya shagala da launin tufafi da kiɗa da rawa, ya fita yana cewa ya sha kallon Gabas, bai ji sukar da aka yi masa ba.

Ƙungiyar Talawa, wadda Yvonne Brewster da Mona Hammond da Carmen Munroe da Inigo Espejel suka kafa a 1986, ta bi hanya makamanciyar wannan. Ta fara da The Black Jacobins na C.L.R. James, a kan juyin juya halin bayi a Haiti, da kuɗin Majalisar Landan gab da rushe ta. Ta nuna The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi a 1989, da wasan Oscar Wilde, da King Lear a 1994. Da manyan gidaje suka biyo baya, abin ya zama labari a jaridu. A shekarar 2000 Kamfanin Shakespeare na Sarauta ya ba David Oyelowo, ɗan asalin Nijeriya haifaffen Oxford, matsayin Sarki Henry na 6, a 2003 kuma Adrian Lester ya fito a matsayin Henry na 5 a Gidan Wasa na Ƙasa. Waɗannan wasanni na tarihi su ne madubin da Ingila ta saba duba kanta a ciki, don haka ganin baƙar fata sanye da kambin sarautarta magana ce kai tsaye a kan wane ne ɗan ƙasa.

Amma fuskar da ke kan dandamali dabam, mai riƙe da makullin gida dabam. Bayan rahoton Macpherson na 1999 kan kisan Stephen Lawrence, wanda ya ce wariya ta shiga cikin tsarin aikin 'yan sandan Landan, masu harkar wasa suka yi taro a Nottingham a 2001, aka fitar da rahoton Eclipse a 2002. Abin da ya nuna shi ne kwamitocin gudanarwa da ofisoshin gidajen wasa kusan duk fararen fata ne. A 2005 kuma Hukumar Fasaha ta janye kimanin fam miliyan 4 da ta ware don gina wa Talawa gidan wasa nata na kanta a Westminster, bayan rikicin shugabanci a ƙungiyar. Rikicin gaskiya ne. Amma manyan cibiyoyi irin su gidan opera na Covent Garden sun shiga rikicin da ya fi wannan a shekarun 1990, aka sake musu shugabanni aka ci gaba da ba su kuɗi.

Birmingham, Disamba 2004

A nan ne aibin zaton dunƙulalliyar al'umma ya bayyana. Gurpreet Kaur Bhatti, marubuciya 'yar Sikh haifaffiyar Ingila, ta rubuta Behzti, kalmar Fanjabi mai nufin cin mutunci. Wasan ya ƙunshi fyaɗe da kisa a cikin wurin ibadar Sikh, kuma mai laifin babban mutum ne a wurin. Gidan wasa na Birmingham Rep, bisa al'adar tuntuɓar jama'a da manufar hukuma ta koyar, ya gayyaci wakilan Sikh tun kafin a fara. Wakilan suka nemi a fitar da labarin daga wurin ibada a kai shi ɗakin taro. Marubuciyar ta ƙi. Ranar 18 ga Disamba ɗaruruwan masu zanga-zanga suka far wa gidan, aka fasa gilasai, aka kwashe 'yan kallo. Bayan kwana biyu aka dakatar da wasan, marubuciyar kuma ta ɓuya saboda barazanar kisa.

Masu sharhi da yawa sun karanta al'amarin a matsayin karo tsakanin 'yancin faɗin albarkacin baki da addini, suna tuna cewa tun 1968 aka soke ikon tace wasanni da fadar sarauta ke da shi. Wannan karatu bai isa ba. Ɓacin ran masu ibada na gaske ne, kuma duk mai addini zai gane shi. Kuskuren yana ga tsarin da ya tara dattawa maza ya kira su “al'ummar Sikh”, ya ba su zaton cewa tuntuɓa na nufin ikon hanawa, alhali marubuciyar ma 'yar wannan al'umma ce, kuma abin da take kuka a kai shi ne yadda manya ke rufe asirin cin zarafin mata da sunan kare mutunci. Babu wanda ya taɓa tara limaman cocin Ingila ya nemi yardarsu kafin a nuna Racing Demon na David Hare a 1990, wasan da ya tone rigingimun cikin cocin. Marubuci Bature mutum ne shi kaɗai. Marubuciya 'yar Sikh kuwa an ɗauke ta kadarar jama'arta.

Zaure guda, wasanni biyu

A farkon 2009 zauren Olivier ya nuna England People Very Nice na Richard Bean, ƙarƙashin umarnin Nicholas Hytner. Wasan barkwanci ne a kan baƙin da suka zauna a unguwar Bethnal Green bi da bi: Faransawa 'yan Furotesta, da mutanen Ayalan, da Yahudawa, da mutanen Bangaladesh. Jigonsa shi ne kowane ayari an tsangwame shi, sa'an nan ya narke ta hanyar auratayya, ya koma yana tsangwamar na bayansa. Aka zarge shi da raini, har wasu suka hau dandamali suka katse wata hira da ake yi da marubucin. Raunin wasan a fannin zubi yake. Ayarin farko uku tarihi ya riga ya rufe labarinsu, dariyar da ake musu ba ta cizo. Da aka iso ga Musulmin Bangaladesh sai barkwancin ya gauraya da tsoron da ya biyo bayan harin Landan na 2005, wasan ya bar shagube ya shiga gargaɗi. Shekara biyu bayan haka Firayim Minista David Cameron ya bayyana a Munich cewa manufar hukuma ta barin kowace al'ada ta zauna da kanta ta gaza.

Wasan Soyinka, wanda Rufus Norris ya shirya, ya biyo bayansa da 'yan makonni a zaure ɗaya. Soyinka ya wallafa shi a 1975 a kan abin da ya faru a Oyo, sa'ad da jami'in mulkin mallaka ya hana wani bafade bin ubangidansa kabari kamar yadda al'ada ta tanada. A gabatarwar littafin ya gargaɗi masu shirya wasan kada su mai da shi labarin karon al'adu, domin a ganinsa Bature sanadi ne kawai, ainihin bala'in yana cikin zuciyar Elesin da duniyar Yarbawa. Shafa wa 'yan wasa farin launi ya yi wa wannan gargaɗi hidima. Turawan suka zama dodanni a cikin wasan da Yarbawa ke yi wa kansu, kasuwa da matanta suka zama tsakiyar duniya, gidan Di'o ya koma gefe. Wannan shi ne abin da asusun tsiraru bai taɓa tanada ba, wato wasan da bai damu ya yi wa Ingila bayanin kansa ba.

Tun daga 2011 Hukumar Fasaha ta Ingila ta sake lafazi, ta ce bambancin jama'a sharaɗi ne na ingancin fasaha, kuma nauyi ne a kan kowace cibiya da ke cin tallafi. Inua Ellams, haifaffen Jos, ya ga an nuna Barber Shop Chronicles a Gidan Wasa na Ƙasa a 2017, da Three Sisters na Chekhov da ya mayar zamanin yaƙin Biyafara a 2019. Kwame Kwei-Armah ya shugabanci Young Vic daga 2018 zuwa 2024, Indhu Rubasingham, 'yar asalin Tamil ta Siri Lanka haifaffiyar Sheffield, ta karɓi kujerar Olivier a 2025. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi 18 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales ba fararen fata ba ne, ninki huɗu da ɗoriya na adadin da aka gina alkawarin 1986 a kansa. Talawa kuwa a ƙarshen shekarun 2010 ta sami sabon mazauni, ɗaki a cikin ginin Fairfield Halls a Croydon, can kudancin Landan.